Ranar da Aka Nemi Inna ta Faɗi Sunana

Shekarun baya, farkon dawowar mulkin farar hula, aka buɗe ɗaukar malaman makaranta, aka ce sai da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Ni ɗan Tarai ne, amma na daɗe ina karatu a birni har harshena ya soma yin gwalli. Sai ranar rufe karɓar takardu na isa sakatariya a Kibiya, da takalmi sau-ciki da jakar hannu, kamar wanda aka turo duba ma'aikata.

Jami'in, wani dattijo mai tabarau a ƙarshen hanci, ya dube ni sama da ƙasa ya ce bai ga alamar Tarai a jikina ba. Mahaifina ya rasu, mai unguwarmu ya yi tafiya. Ya ce, "To kawo wadda ta haife ka ta shaide ka, kafin a tashi."

Matsalar ita ce ni ɗan fari ne. Tun da mahaifiyata ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, saboda kunya. "Wancan" nake. Ranar da na yi abin kirki a ƙara mini girma zuwa "yayan yaran nan".

Na je na ɗauko ta. A mota na shirya mata darasi tsaf: "Inna, tambaya biyu ce kawai. Ɗanki ne? Ki ce e. Sunansa? Ki faɗa." Ta yi ta kallon gonaki ta taga.

Da muka shiga, dattijon ya ce, "Hajiya, kin san wannan?"

Ta juya fuska wajen kalandar bango. "Ina dai ganinsa a gida."

"Ɗanki ne?"

"'Ya'ya ai na Allah ne, Malam."

"To mene ne sunansa?"

"Ga shi nan da bakinsa. Duk bokon da ya yi bai kai ya faɗi sunansa ba?"

Na ce, "Inna, don girman Allah, aikin gwamnati ne fa zai wuce ni!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce wa dattijon, "Malam, a gaya masa ya rage murya, nan ofis ne."

Dattijon ya cire tabarau, ya yi dariya har da tari. Ya ce mini, "Tun safe ake kawo mini iyayen aro. Kowacce ta shigo tana rangaɗa suna, har da 'ɗana na cikina'. Wannan ce kaɗai ta ƙi ka. Ni ma ɗan fari ne, tawa har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba." Ya ja takardar, ya buga hatimi.

Na yi shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai su amsa tambaya kai tsaye, ina zare maki ga mai kewaye-kewaye. Amma amsar da ta fi yi mini amfani a duniya, ƙin amsawa ce. Na gane akwai ƙaunar da ba ta iya kallon mutum ido da ido, kuma masu irinta suna gane juna.

Yanzu zamani ya juya. Matata kan ƙwala wa ɗanmu na fari kira da cikakken sunansa, har a ji ta a masallacin unguwa. Wani lokaci nakan tausaya wa yaron. Ranar da ya buƙaci shaida, ban san wanda zai yarda ita ta haife shi ba.