Irin da Na Yi Sadaka da Shi

Mahaifinmu ya rasu saura kaɗan ruwan farko ya sauka. Manomin shinkafa ne a fadamar Zauro. A ƙarshen gonarsa akwai wani kwari da ruwan Rima ke cikawa duk damina har ya shanye mutum a tsaye, kuma a nan yake shuka wata jar shinkafa da ya gada wurin kakanmu. Mai bin ruwa yake ce mata. Ruwa ya ƙaru, ita ma ta ƙara tsawo, kullum kanta na sama.

Shekaru kaɗan kafin rasuwarsa aka kawo wani shiri, aka ce kuɗinsa daga ƙasashen waje suka fito saboda sauyin yanayi. Masu shirin suka ce damina ta gajarce, fari ne ke tafe, a koma gajeren iri mai nuna da wuri. Sun zo da taki da injin ban ruwa, amma sai wanda ya karɓi irin ake ba. Kowa ya karɓa. Ba na ganin laifinsu. Shekara biyu a jere an samu albarka, har yayana ya yi wa ɗakinsa rufin kwano.

Ni lokacin ina aure a Badariya, gida sai da dalili. Na ɗauka jar shinkafa ta zama tarihi. Ban san Baba yana ware ɗan wuri a kwarin duk shekara yana shuka ta ba, don kada irin ya mutu.

Ana jibi sadakar bakwai, mutane sun cika gidan. Inna na cikin takaba, ba mai tambayarta komai. Yaya yana ƙofar gida da maza yana karɓar gaisuwa. Girki ya faɗo kaina, ni ce babbar 'ya. Goggo, ƙanwar Baba, ta same ni a tsakar gida.

"Ke ɗiyag ga, kin tsaya kamar baƙuwa. Da mi za a yi masar sadaka?"

Na ce zan aika kasuwa.

"Kasuwa? Abin da mutum ya noma da hannunai shi ake yi mai sadaka da shi. Duba ɗakin ubanki."

A bayan gadonsa na ga wani babban tulu, an liƙe bakinsa da laka. Na fasa da muciya. Toka ce a sama, a ƙarƙashinta shinkafa da ɓawonta, cike fal. Na sheƙe tokar, na aika inji, muka jiƙa, muka niƙa. Masar ta fito ja-ja. Wani tsoho abokin Baba ya aiko a ƙaro masa, ya ce rabonsa da wannan ɗanɗano ya manta. Na ji daɗi a ranar. Wannan ne abin da har yau nake kasa faɗa da baki.

Farin da aka yi mana gargaɗi bai zo ba. Ƙarshen damina ruwa ya zo. Wasu suka ce dam aka buɗe, wasu suka ce ruwan da aka yi can arewa ne ya gangaro. Na je na tsaya a bakin hanya ina neman gonarmu da ido. Babu kunya, babu iyaka, babu ko tsinke. Kan bishiyar giginya kaɗai na gane. Gajeren iri ya kwana fiye da mako a ƙarƙashin ruwa, da ruwan ya janye sai wari.

Ina ɗakin Inna Yaya ya shigo, ƙafafunsa duk taɓo. Bai yi kama da wanda ya karaya ba. Ya ce, "Inna, baɗi mai bin ruwa za mu shuka. Allah shi jiƙan Baba, ya san abin da yake yi." Ya wuce ɗakin Baba. Muka ji ya ja tulun, kuma ƙarar da tulun ya yi ta wofi ce.

Ya fito riƙe da shi a hannu ɗaya.

"Wa ya buɗe wanga?"

Na ce ni ce.

"Kinka kai ta ina?"

"Masar bakwai, Yaya."

Ya dube ni, ya dubi tulun. "Iri ne fa. Kinka toya iri?"

Inna ta ce, "Innalillahi," sau ɗaya, ta rufe fuska da mayafi. Yaya bai zage ni ba. Ya ajiye tulun a hankali kamar akwai abin da zai zube, ya ce shi ma ya ci guda uku a ranar.

Washegari na hau mota zuwa Argungu wurin kawunmu, ƙanen Inna, wanda yake kamun kifi yana kuma noma. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗiyata, da kin zo neman kifi da kin koma da kaya." Amma ya ɗauki sandarsa, muka shiga gida gida wurin tsofaffin manoma. Wani ya ce tasa ya sayar shekarar da aka kawo injin. Wani ya ce ɓera ya cinye. Wata tsohuwa ta kawo mana 'yar kaɗan a ƙullin tsumma, Kawu ya murza, ta zama gari. Aka ce mutanen tsallaken iyaka suna da ita, amma lokacin iyaka a rufe take, ko buhun albasa ba ya wucewa.

Da la'asar Kawu ya kai ni wurin maƙwabcinsa, malamin gona da ya yi ritaya. Da mutumin ya ji abin da ya kawo mu, ya ce tun yana saurayi wasu masu bincike suka zaga fadamar nan suna karɓar iri kaɗan kaɗan a ambulan. Shi ya riƙe musu jaka.

"Tana nan, Hajiya. Tana cikin ɗakin sanyi a wata ƙasa. Yanzu ma irinta ake nema, mai jure ambaliya."

Na ce to yaya za a yi mu samu ko mudu ɗaya?

Ya ce ba mutum ke roƙo ba, hukuma ke rubuta wa hukuma. Ya ce ana ta taruka a kan irin wannan, wa zai biya asara, wa ke da iko da iri, kuma ba a gama ba.

Na yi masa godiya, muka fito. Shinkafar kakana tana can a ajiye da lamba a jikinta, a ƙasar da ban san sunanta ba, wadda ke ɗakin ubana kuma ni na raba wa mutane a faranti.

Na dawo na gaya wa Yaya duk yadda muka yi. Ya ce to. Da damina ta zagayo ya shuka gajeren iri a tudu, ya bar kwarin. Bana ma ya bar shi. Ciyawa ta rufe wurin, makiyaya ke shiga da shanu idan ruwa ya janye.