Fitilar Kawu Abarshi Mai Kallon Dama

Ran Alhamis ne, wajen la'asar. Ina shagona na ɗinki a Wadata, almakashi a hannu, sai waya ta yi ƙara. Inna Rakiya ce, matar kawuna.

"Iliya, rufe shago ka taho. Kawunka Abarshi ya cika."

Na yi salati. Sai na ji bakina ya ce, "A kan moto?"

"A kan tabarma," in ji ta. "Ya gama azahar, ya ce zai ɗan kishingiɗa."

Na ji kunyar tambayar. Daga baya Inna ta ce mini kusan duk wanda ta kira ranar, abin da ya fara tambaya ke nan.

Ku da kuka san shi kun san dalili. Ya tsufa yana aikin planto, mai kai takardu daga biro zuwa biro, wato ofis-ofis, kuma ba wanda ya taɓa ganin motonsa ya karkata. Kowa in ya zo shan kwana yakan ɗan kwanta da moto. Kawu kuwa sai ya rage gudu har ya kusa tsayawa, ya sauke ƙafa, ya juya kan moto kamar mai juya amalanke, sannan ya ci gaba a miƙe. Ƴan taksi su yi ta oda a bayansa, ko waiwaye ba ya yi.

"Su yi ta yi," yakan ce. "Abin da ya karkata ya yi rabin faɗuwa."

In kuma ya hau gudron, wato kwalta, mai fitilun titi, sai ya kashe tasa fitilar. Wata rana ina bayansa na ce, "Kawu, fitila ta mutu."

"Ni na kashe ta. Gwamnati ta kunna tata. Mu kunna biyu mu ga mi?"

Bayan ya koma unguwar Lazare da zama, bai bar tsohon masallacinsu na Kalle ba. Kullum can yake magariba, ya zauna hira da tsofaffin abokansa mutanen Tawa har a yi lisha, sannan ya kamo hanya. Sai ido ya fara rauni. Wata ranar yana dawowa, ya shiga tulin yashi a kwanar layinsu, ya kurje gwiwa. Ɗiyarsa Halima, wadda ke aikin jinya, ta wanke ciwon, ta zare makullin moto.

"Da rana je ka duk inda kake so, Baba. Rana na faɗuwa, makulli na wurina."

"Idona lafiya lau," in ji shi. "Kwanar ce ta ɓuya."

Tun ranar, in an kira magariba sai ya yi salla a masallacin layi, ya dawo ya zauna ƙofar gida yana kallon hanyar gari. Tuwo ma rabi yake ci. Ɗansa Musa da ke Kwatano ya ji labari, ya aiko da wata fitilar moto ta zamani. Wai tana jin lokacin da moto ya karkata, sai ta jefa haske cikin kwanar kafin mutum ya shiga. Halima ta ce to, in ta ga da idonta fitilar ta haska kwanar yashin nan, za ta mayar da makulli.

Na ce a kai wa makanise. Kawu ya ce makanise in ya gyara wuri ɗaya sai ya shuka biyu.

"Kai za ka ɗaura ta. Tela ya san zare, waya kuwa zare ce."

Sai na tsuguna. Da muka cire tsohuwar fitila na ga wayoyin moton duka ja ne. Ashe shekara da shekaru, duk wadda ta tsinke sai ya maye ta da guntun wayar gida, ya yi mata ƙulli don ya gane ta.

"Ƙulli ɗaya oda. Biyu fitila."

"Wannan mai uku fa, Kawu?"

"Wannan na manta. Kada ka taɓa ta, tana aiki."

Na haɗa yadda ya ce. Ya murɗa makulli, ya kunna fitila, sai oda ta ɗauki kuka. Kajin Inna suka watse, ita ma ta fito da muciya a hannu. Kawu ya tsaya yana saurare kamar mai jin wa'azi.

"Ka ji ko? Kayan zamani. Sai ta yi sallama kafin ta haska."

Da muka sauya wayoyin, haske ya zo, Kawu ya ce ni ne ban iya ƙirga ƙulli ba.

Saura takardar cikin kwali. Rubutun ba Faransanci ba ne, ba kuma wanda muka iya karantawa ba ne, amma akwai hoto: mutum zaune a kan moto a miƙe, wani yana danna ɗan maɓalli a bayan fitila. Na ce kamar so ake ya hau tukuna.

"Talla ce," in ji Kawu. "Kowane kwali da hoton mutum a jiki."

Ya sa yatsa ya danna, moto yana jingine a kan ƙafarsa ta gefe, ya karkata hagu.

Bayan magariba Halima ta je ta tsaya a kwana, ta harɗe hannu. Kawu ya taho daga ƙarshen layi, a miƙe kamar kullum. Gabansa dishi-dishi. Hasken duk ya tafi dama, ya bi bangon gidajen mutane ɗaya bayan ɗaya, ya sauka a kan ƴan fada, samarin layi masu shan shayi. Suka kare idanu.

"Baba, mi muka yi?" in ji ɗayansu.

Ya iso wurin Halima ya sauke ƙafa. Ta ce, "Baba, hanyar fa?"

"Hanya na san ta. Waɗannan ne ban taɓa gani da kyau ba."

Ta miƙa hannu, ya ba ta makulli, ta jefa a jaka.

Da ƙyar na shawo kansa muka je wurin wani makanise da rana, bisa sharaɗin zai duba da ido, ba zai taɓa ba. Mutumin ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce maɓallin nan shi ke koya wa fitila mene ne tsaye. Mun danna moto yana karkace hagu, sai ta ɗauka wannan ce miƙewa. Yanzu in moto ya miƙe, ita a ganinta ya kwanta dama. Ya zana mini a ƙasa da sifana har sau biyu. Na gyaɗa kai, amma gaskiya har yau ban gane yadda jinginar hagu ta haifi kallon dama ba.

"Mai shi ya hau, a riƙe shi a miƙe, a sake dannawa, shi ke nan," in ji shi. "Ko kuma, tsoho, ka riƙa ɗan kwantawa hagu, za ta kalli gaba."

Kawu ya gyara hula. "Tun kafin a haife ka ban kwanta wa hanya ba. Sai fitila?"

Ya yi kwana goma bai sake maganar ba. Ran Laraba da hantsi sai ga shi a shago. Ya zauna a benci, ya ɗauki wani ƙyalle yana jujjuyawa.

"Tela, hoton nan na kwali. Kamar ba talla ba ne."

Na ce haka ne, Kawu.

"Ka zo ran Asabar. Ni in hau, Halima ta riƙe, kai ka danna. An ce Malam Ada na Kalle jiki ya ƙi, ina son in yi magariba kusa da shi." Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya juyo. "Kada makanisen nan ya ji."

Washegari Inna ta kira ni.

A wurin zaman makoki tsofaffin Kalle suka zo, har da Malam Ada, an riƙo shi. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya. Fushi ya yi da mu? Wata biyu ba mu gan shi ba." Ashe bai faɗa wa ko ɗayansu zancen ido ba, balle na makulli. Na ce bai yi fushi ba, yana hanya ne.

Allah ya jiƙan Kawu Abarshi, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka masa kabarinsa ta kowane gefe. Amin.

Moto yana zaure. Halima ta mayar da makulli jikinsa. Ba wanda ya hau, ni kuma ban danna maɓallin ba.