Magudanar Zuba da kujerar Habibu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanina Habibu, kuma zan fara da abin da na kasa faɗa masa yana raye: ni ne mai laifi.

Kayan marmari nake sayarwa a kasuwar Zuba, karatuna bai wuce firamare ba. Shi kuwa ya yi zurfi, ya samu aiki a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja lokacin da benaye ke ta tsirowa ko'ina. Kowace shekara yana cikin waɗanda ake turawa taron ƙasashen duniya kan sauyin yanayi. Ni taron shan shayi nake ce masa. Yakan zauna kan buhun lemo ya yi mini bayani: "Yaya, ƙasashen da suka cika sama da hayaƙi daban, waɗanda fari da ambaliya ke ci daban. Can ba rinjaye ake bi ba, sai an yi ta ja har kowa ya daina cewa a'a. Mu 'yan Afirka da murya ɗaya muke magana. Ka bar kujerarka, a yanke ba da kai ba." Sai in yanka masa kankana in ce, "Oga, sha, ka huta da ceton duniya."

Shekarar da Baba ya kwanta a asibiti a Gwagwalada, Habibu yana can ƙasar waje wurin taron. Taron ya zarce ranar rufewa, ana jayayya kan wa zai ɗauki nauyin ɓarnar da ambaliya ke yi wa ƙasashe matalauta, kuma yana cikin masu magana a wannan ɓangare. Na kira shi, ya roƙi in yi masa haƙurin 'yan kwanaki. Baba bai jira ba. Da ya iso wurin makoki na ce masa a gaban jama'a, 'yarsa Zainab na tsaye tana ji: "Ka musanya ubanka da shayi." Magana zarar bunu ce. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu har ya koma ga Allah.

Daminar bara magudanar layinmu ta toshe, ruwa ya cika rumfunan gangare, har da tawa. Manyan dillalan da ke tudu su ke zuba ruɓaɓɓen kaya a magudanar, amma ruwan bai taɓa su ba. Aka sa ni in wakilci 'yan gangare. Muka yi ta zama da dillalai da direbobi da masu ayaba. Ka shawo kan wannan, wancan ya miƙe. Wata rana na fita jana'izar maƙwabci. Kafin in dawo an yanke cewa kowa ya yashe gaban rumfarsa, wato mu da shara ke gangaro wa mu kwashe ta kowa. Gani ya kori ji. Tun ranar zuciyata ba ta zauna wuri ɗaya ba.

Da Habibu yana raye, me zai ce yau? Zafi na ruɓar da kankana tun a cikin mota, manoman da nake saye wurinsu ba su san ranar saukar damina ba, a rediyo kuma har yanzu taro ake yi, alkawuran na jan ƙafa. Ban sani ba ko zai yi fushi. Na dai san zai sake ɗaukar jakarsa ya koma taron. Bai bar bene a Abuja ba. Abin da ya bari shi ne wannan taurin kai na ƙin tashi daga kujerar da talakawa ba su da wata.

Ga wanda yake ƙasa addu'a ce kawai ke isa. Don haka na tafi unguwar Durumi wurin Zainab. Ta shimfiɗa mini darduma, na ƙi zama.

"Baffa, lafiya?"

"Maganar da kika ji na faɗa wa babanki ƙarya ce. Bai musanya kowa ba. Na makara wajen neman gafararsa, ke ki yafe mini."