Malam Lawwali Isah, Wanda Ya Sa Tsofaffin Kwamfutocin Jibiya Gudu

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Lawwali Isah a garin Jibiya a shekarar 1974. Mahaifinsa, Malam Isah Dogo, bakanike ne mai gyaran motocin da ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, mahaifiyarsa kuwa, Malama Indo, 'yar Magama ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli. A garejin mahaifinsa ya ɗauki aƙidar cewa babu injin da ke ba da iya ƙarfinsa sai an matsa masa.

Karatu

Bayan makarantar allo da firamare a Jibiya, ya yi sakandare a Katsina, sannan ya shiga jami'a ya karanci kimiyyar Fiziks, inda ya kammala digirin shekara huɗu cikin shekara shida, albarkacin yajin aiki. Ya nemi aikin gwamnati a ma'aikatu da dama, dukkansu kuma suka yi masa alkawarin za su neme shi.

Sana'a

A shekarar 2003 ya buɗe shagon buga takardu kusa da tasha, da kwamfutocin tebur na gwanjo waɗanda ake shigowa da su ta Maraɗi. Jinkirinsu ya kai matsayin da ɗan kasuwa kan tafi sallah ya dawo takardarsa ba ta buɗe ba. Wannan ya sa ya koya wa kansa shiga saitin can ciki da ake kira bayos, ya ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, gudu kaɗan, ya ɗan ƙara mata wuta, ya matse lokutan da ram, ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi, ke ɓatawa kafin ta amsa, sannan ya bar na'urar tana aiki mai nauyi. Idan ta jure sai ya ƙara, idan allon ya yi shuɗi sai ya koma baya da mataki ɗaya. Kwamfutarsa ta farko ta yi hayaƙi a wannan tafarki na neman ilmi, ba da jimawa ba ta biyu ta bi ta.

Aure

A shekarar 2005 ya auri Malama Rahama Yahya, mutuniyar Daddara. Da yake gudu na jawo zafi, zafi kuma na kashe furosesa, duk fankar da ta shigo gidan, a shago take ƙarewa. An ruwaito Malama Rahama na cewa, "Malam, da ni ma kwamfuta ce ai da ka saya mani hwanka." Ya amince da hujjarta, bai dai mayar da fankar ba.

Shekarun Rufe Iyaka

Da jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta, ya mayar da shagon cibiyar horo mai na'ura goma sha biyu, domin yaran Magama da Daddara da Bugaje, waɗanda galibinsu ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba. A shekarar 2019 aka rufe iyaka, kayan gyara suka daina shigowa, a daidai lokacin kuma ya karɓi sabuwar manhajar gwaji wadda ta fi ƙarfin na'urorinsa, suka riƙa sanƙarewa a tsakiyar tambaya. Iyaye suka rage da zaɓi biyu: su riƙa tura 'ya'yansu horo Katsina a kan hanyar da ba kowa ke dawowa daga gare ta ba, ko yaro ya fara ganin kwamfuta ranar jarrabawa.

Malam Lawwali ya ƙi duka biyun. Ya bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya yana neman iyakar kowace, ya kankare busasshen man da ke kan furosesa ya shafa sabo, ya cire murafen, ya jera randunan ruwa a ɗakin, ya rataye jiƙaƙƙun buhuna a tagogi. Da wani uba ya ce masa na'urorin sun tsufa, sai ya amsa, "Ba tsufa ba ne, Alhaji. A ofis suka tashi, ba su san aiki ba." Biyu daga cikinsu sun ƙone, goma suka ɗauki manhajar. Daga wannan shekara babu yaron yankin da ya sake hawa hanyar Katsina don koyon kwamfuta kawai, kuma a cikin waɗanda suka zauna a ɗakin randunan akwai malaman asibiti da malaman makaranta a yau.

Rashin Lafiya da Rasuwa

A shekarar 2022 aka same shi da hawan jini. Likita ya umurce shi da ya rage aiki, ya saurari umurnin da ladabi, washegari ya buɗe shago. Allah Ya yi masa rasuwa a watan Afrilu na 2025, ana cikin horon ɗalibai, bayan gajeruwar jinya. An yi jana'izarsa a ƙofar gidan mahaifinsa, aka binne shi a maƙabartar Jibiya, tsofaffin ɗalibansa suna rige-rigen ɗaukar makara.

Ya bar matar aure ɗaya da 'ya'ya huɗu: Ummusalma, Mujahid, Mu'minat da Yahya. Bayan sadakar uku Ummusalma ta buɗe cibiyar, ɗaliban shekarar suka ƙarasa horonsu a garinsu. Allah Ya saka masa da alheri, Ya ba shi hutun da ya ƙi karɓa a duniya.