Tsohon da ke Neman Gyangyaɗin Ubangiji

A ɗakin jira na tasha, da tsakar rana, wani tsoho yana zaune da littattafai uku a cinyarsa: Attaura, Linjila da fassarar Alƙur'ani. Rigarsa fara ƙal, ta sha guga, amma idanunsa jajur kamar ya shekara bai runtsa ba. Yana lasar yatsa yana juya shafi, can sai ya waiwaya, alhali bango ne kawai a bayansa. Motoci suna cika suna tashi, shi ko jaka ba shi da ita.

Ya ɗago ya kama ni ina kallonsa.

"Ɗana, ka yi karatu? A cikin ukun nan akwai inda aka ce Allah yana gyangyaɗi, ko na ƙiftawar ido?"

"Ban taɓa ji ba, Baba."

"Babu," in ji shi. "Sun saɓa a wurare da yawa, amma a nan bakinsu ɗaya. Ba ya barci. Ya gani."

Ban san me ya aikata ba, ko a wace shekara. Ya goge tafin hannunsa a riga, a hankali, ya koma shafin farko.