Goshin da Ruwan Randa Ya Sanyaya

Lokacin korona aka kawo mana ma'aunin zafin jiki mai kama da bindiga a ƙaramin asibitinmu na wajen Mai'adua. Ka saita a goshi, ya yi ƙara, lamba ta fito. Ni da dama na gaji da zaman jiran ma'aunin hammata, sai na jefa tsohon a durowa. Ranar kasuwa layi har bakin ƙofa yake kaiwa, ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba.

A irin wannan rana wata matashiyar Bafulatana ta shigo goye da 'yarta mai shekara biyu. Na ce, "Me ke damunta?" Ta sunkuyar da kai. 'Yar fari ce, kunya ba ta barin uwa ta nuna damuwa da ita a gaban mutane. Na san wannan sarai, a ciki na tashi. Amma na ce, "Baiwar Allah, in ba ki da baki, ba wa na baya wuri."

Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Jikin ne, Malama."

Na saita a goshi: talatin da shida da rabi. Na ce lafiyarta lau, na miƙa farasitamol, na kira na gaba. Ko da yatsa ban taɓa yarinyar ba.

Bayan kwana biyu suka dawo tare da kakar yarinyar, 'yar tana jijjiga. Tsohuwar ta ce, "Ɗiyata, shekaranjiya ma haka jikin yake, kamar garwashi. Tsumma muka jiƙa da ruwan randa muka ɗora mata a ka, suka hau babur." Ashe a bakin ƙofa uwar ta cire tsumman, kada a ce ta cika ɗokin 'yar fari. Ruwa da iskar babur sun sanyaya goshi, zazzaɓin cizon sauro yana can yana cin ciki.

Na tono tsohon ma'aunin na sa a hammata. Ya haura arba'in. Muka tura su babban asibitin Daura, amma rai ya yi halinsa tun a hanya.

Bayan sadakar bakwai na je rugarsu gaisuwa. Uwar ta rako ni har bakin shinge, ta kama hannuna ta ce, "Ki yafe ni, Malama. Kin tambaye ni, ni ce ban yi magana ba. Ni na kashe ta."

Na buɗe baki in gaya mata gaskiya. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya ba da haƙuri." Na bar ta da laifin, na hau babur.