Ranar da Na Yi wa Sarkin Rum Wanka

Shekara biyar ke nan da rasuwar kakanmu, Baba Tsoho, kuma har yau ban gama ƙorafi a kansa ba. Duk wanda ya tuna shi a Sabon Birni sai ya ce dattijo ne mai adalci. Ni Hansatu, jikarsa, ina da ja.

Fataucin gero ya yi tsakanin kasuwanninmu da Maraɗi, kuma duk tafiya sai ya dawo da tsohuwar tsabar kuɗin da ba ta sayen ko ƙuli-ƙuli. A gwangwanin madara yake tara su: anini mai huda, sisi, sule. Amma guda biyu ne ransa. Ɗaya ta mutanen Girka ce mai hoton mujiya, wadda kakarmu ta rantse ba za ta zauna a ɗakinta ba. Ɗayar ta tagulla ce mai kan wani Sarkin Rum, wadda ya samu wurin wani direban Agadas.

Cikin jikoki duka, Bashar ɗan baffana kaɗai ke taɓa su. Wai shi mai natsuwa ne. Ni in na miƙa hannu sai a ce, "Ke, janye, yatsunki duk mai ne." Na yi shekaru ina kallon Bashar yana juya Sarkin Rum a tafinsa kamar shi ya haife shi, ni kuwa cikina na tafasa har ana iya dafa ƙwai a kansa.

Ina da shekara goma na yanke shawarar ƙwace matsayina. Ranar kasuwar Isa, da Baba Tsoho ya tafi, na ɗauko Sarkin. Duk ya yi kore, ya yi dauɗa, Bashar da natsuwarsa bai taɓa tunanin wanke shi ba. Na haɗa toka da tsamiya yadda ake goge tasa, na dirje shi har ya yi ƙyallin da ya sa kajin gidanmu suka riƙa runtse ido.

Da ya dawo na tare shi a zaure.

"Baba Tsoho, rufe idonka."

"Mi kika ɓata kuma?"

Na ɗora masa tagullar a tafin hannu. Ya juya gaba, ya juya baya, ya kai shi kusa da ido.

"Ina Sarkin?"

"Yana nan. Wanka na yi mishi."

"Hansatu, bawan Allah wanga ya kusa shekara dubu biyu da hancinai. Ke kin raba su tsakanin azahar da la'asar."

Ashe koren nan shi ne shaidar tsufansa, masu tarawa ba sa kankare shi. Bai doke ni ba. Ya danƙa mini tagullar ya ce, "Riƙe, taki ce. Gwangwani kuwa, ko inuwarki kada ta gitta shi." Da ya rasu, gwangwanin ya koma hannun Bashar, kamar yadda ya faɗa tun yana da rai.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Kuɗi sun shige waya, ƙannena ba su taɓa jin ƙarar tsaba a aljihu ba. Bashar yana karatu a Sakkwato, yana ɗaukar hoton mujiyar nan yana turawa masu tara irinsu a ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba, suna ta yaba masa. Ni kuwa Sarkina ba hanci, ba ido, sai ka ce marfin kwalba.

Da ƙaramar Sallah na kasa haƙuri, na ce wa Bashar, "Kai dai ka more, ɗan gatan Baba Tsoho."

Ya harare ni. "Gata? Ni ya koya ma sunayensu, na hardace kamar karatun allo, bai taɓa yi min dariya ba. Amma duk ran da ya buɗe gwangwanin ga baƙi, ba ya rufe shi sai ya ba da labarin wankan da kika yi ma Sarki, yana dariya har hawaye. Sau nawa na zauna ina jin haushinki?"

Ban san da wannan ba, don an hana ni zuwa wurin. Na shiga ɗaki na yi kuka, sannan na fito na sa Bashar ya maimaita mini sau uku, saboda haushin nasa ya yi mini daɗi ƙwarai.

To, abin da ya bari ke nan: jikoki biyu, kowanne na ganin ɗan'uwansa aka fi so. Wataƙila adalcin da ake faɗa ke nan. Allah Ya haskaka kabarinka, Baba Tsoho, Ya sa ka huta. Amma mujiyar, da ni ka bai wa.